Wa Ya Tsaya Maka? Tarihin Saukar Baƙo a Zangunan Akra

Kowace shekara samari da 'yan mata daga Kano, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram da Yamai suna sauka birnin Akra da jakar kaya da takardar shiga makaranta. Wasu Jami'ar Gana da ke Legon suka nufa, wasu jami'o'i masu zaman kansu, wasu kuma, musamman 'yan Nijar, Ingilishi suka zo koya na wata shida ko shekara guda. Nasihar da ake yi musu kafin su taso kusan iri ɗaya ce: ka saki fuska, ka shiga mutane, kada ka kulle kanka a ɗaki. Nasiha ce mai kyau, sai dai ta ɗora wa baƙon nauyin duka, kamar dai samun aboki a ƙasar wasu ya rataya ne ga fara'arsa shi kaɗai. Tarihin unguwannin da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga Legon, wato Nima da Maamobi da Sabon Zango da 'yan uwansu, ya nuna wani abu dabam. Fiye da shekara ɗari mutanen waɗannan unguwanni suna karɓar wanda bai san kowa ba, kuma ba su taɓa barin lamarin a hannun sa'a ko kyan hali ba. Tsari suka yi masa. Ginshiƙin tsarin shi ne a sami wani mazaunin gari da zai ɗauki baƙo a wuyansa tun daren farko, ya ba shi wurin kwana, ya ara masa sunansa, sannan ya jefa shi cikin jama'ar da zai riƙa gani kullum. A ganina daga nan abota take tsirowa, kuma abin da ɗalibin yau ya fi rasawa ke nan.

Tushen abin yana cikin fataucin goro. A ƙarni na 19 ayarori suna tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi, fatu da sauran kayan ƙasar Hausa, su bi ta Bargu da Sansanin Mango da Yandi har Salga a ƙasar Gwanja, inda goron dazuzzukan Ashanti ke haɗuwa da masu saye. Tafiyar watanni ce, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba. Wanda ya isa Salga bayan irin wannan tafiya yana ɗauke da dukiya mai yawa a garin da ba nasa ba, cikin mutanen da ba ya jin yarensu, ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara idan an cuce shi. Maganin wannan shi ne maigida. Maigida mazaunin gari ne mai babban gida da ɗakunan baƙi. Shi ke sauke farke, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, idan za a ba da kaya bashi shi ke tsayawa lamuni. Yana samun rabonsa daga la'ada, ba sadaka yake yi ba. Amma abin lura shi ne sunansa ne a kan gaba: in baƙonsa ya gudu da bashi shi za a kama, in kuma aka cuci baƙon a gidansa labari zai riga shi isa Kano, baɗi ayari ya sauka gidan wani. Masu bincike biyu sun tarar da wannan tsari da ransa a shekarun 1960, Polly Hill a kasuwar shanu ta Kumashi, Abner Cohen kuma a Sabo ta Ibadan, inda masu gida Hausawa ke tsayawa tsakanin fataken shanu daga arewa da mahautan gari. Abin da suka bayyana shi ne abin da fataken Gwanja suka sani tun kakanni.

Abubuwa uku ne suka jawo wannan al'ada zuwa bakin teku. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumashi da yaƙi, ƙarfin Ashanti a kan hanyoyin arewa ya karye, kuma cikin mayaƙan da suka yi wa Turawa aiki akwai rundunar da Kyaftin Glover ya tara, wadda ake kira ta Hausawa, da yawansu kuwa ba su koma ba. A 1877 aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Cape Coast zuwa Akra. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, 'yan kasuwarta da malamanta suka bazu zuwa Kete Karaci da Kintampo da Kumashi da Akra. Kafin ƙarshen ƙarnin akwai zango a tsakiyar tsohuwar Akra, wanda ake dangantawa da Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, a kan filin da ya samu daga masu ƙasa, mutanen Ga. Da wurin ya cika, rigingimun limanci da shugabanci tsakanin Hausawa da Yarbawa kuma suka yi yawa, ɗansa Malam Baƙo ya nemi wani fili a yammacin gari wajajen 1910 ya kafa Sabon Zango. Deborah Pellow, wadda ta daɗe tana nazarin unguwar, ta nuna cewa hatta fasalin gidajen da yadda aka raba filaye sun bi dangantakar mai masauki da wanda ya sauka: Malam Baƙo ya ba mutanensa wuri, su ma suka sauke nasu baƙin.

Ba farke kaɗai ke bin wannan hanya ba, kuma nan ne labarin ya taɓa ɗalibi kai tsaye. Ayari ba ya tafiya ba malami, malami kuwa ba ya tafiya ba almajirai. Neman ilimi a ƙasar nesa tsohuwar ɗabi'a ce a wurinmu, kuma almajiri ya fi farke rauni, domin shi ba kaya gare shi da za a ci la'ada a kansu ba. Duk da haka an yi masa gurbi: zauren malam. Masu rubuta tarihin Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, sun kawo cewa bayan rasuwar mahaifinsa mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akra da zama. Da ya tasa ya bi ayarin Gwanja ya je ya same ta. Maimakon ta ajiye shi a ɗakinta, sai ta miƙa shi ga wani malami, ya zauna can yana karatu yana hidima kamar kowane almajiri. Ana iya ganin wannan a matsayin tsanani, kuma akwai tsananin a ciki. Amma a duba abin da matar ta sani. A ɗakin uwa yaro zai ƙoshi, sai dai ba zai san kowa ba. A zauren malam zai kwana da sa'o'insa daga garuruwa dabam-dabam, su ci akushi ɗaya, su yi bara tare, su sha bulala tare, kuma duk inda ya shiga a gari za a ce yaron malam wane ne. Shekaru bayan haka Ɗantata ya shahara da ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kafin gyaɗa ta mai da shi attajirin da aka sani a Kano har rasuwarsa a 1955. Ba na cewa zauren malamin ne ya yi masa arziki. Ina cewa mutumin da ya iya hulɗa da bakin teku haka sai da aka fara sanya shi a hannun wani a can. Haka nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya bar Salga ya zauna Kete Karaci yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934: ɗalibai sun riƙa zuwa wurinsa daga wurare masu nisa, suka watsu cikin zangunan ƙasar, kuma cewa mun yi karatu gaban malami ɗaya ta zama zumunta da ake iya buɗe ƙofa da ita a garin da ba a taɓa zuwa ba.

Nima ƙanwa ce a cikin waɗannan zanguna, amma ita ta fi gwada ƙarfin al'adar. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu kuma malami, ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu don ya riƙa tsayar da dabbobinsa kafin a shigar da su kasuwa. Wurin yana wajen iyakar hukumar birni, saboda haka ba mai hana gini, ba kuma mai kawo famfo ko magudanar ruwa, kuma unguwar tana biyan kuɗin wannan har yau, kamar yadda duk wanda ya ga babban kwatamin da ya raba Nima da Maamobi zai shaida. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da mutane. Sansanonin sojan Ingila da na Amurka da ke kusa suna neman masu dafa abinci da masu wanki da masu gadi da leburori, bayan yaƙi kuma sojojin da aka sallama, ciki har da waɗanda suka dawo daga Bama, suka nemi ɗaki mai araha. Waɗanda suka taru a nan sun wuce Hausawa nesa ba kusa ba: Zabarmawa, Mosawa, Wangarawa, Kotokoli, Busanga, Dagwamba, Fulani, Yarbawa, Barebari, Farafara, da Ewe da Akan waɗanda ba Musulmi ba. Jean Rouch, Bafaranshen da ya bi sawun 'yan ci-ranin Nijar da kyamara a tsakiyar shekarun 1950, ya ɗauki samari irin waɗannan suna dako a tashar jiragen ruwa da kasuwannin Akra da Kumashi. Zauren mutum ɗaya ba zai ɗauki irin wannan ambaliya ba, sai al'adar ta faɗaɗa. Kowace ƙabila ta naɗa sarkinta. Wanda ya sauka a tasha bai san kowa ba, tambaya ɗaya ta ishe shi, ina gidan Sarkin Zabarmawa ko Sarkin Mosawa, yaro ya ja shi har ƙofa. Sarkin zai nemo masa ɗan garinsu ko wanda ya fi kusa, a ba shi tabarma, a kai shi wurin mai ɗaukar lebura. In ya yi rigima sarkin ke zuwa belinsa, in ya mutu ba dangi jama'ar sarkin ke yi masa sutura. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya bar gida.

Da abin ya tsaya nan, da kowace ƙabila ta zama tsibiri. Abubuwa biyu suka hana. Na farko masallaci, wanda ke tara mutum da maƙwabtansa sau biyar a yini ko yana so ko ba ya so, har fuskarsa ta zama sananniya, ranar da ba a gan shi ba a tambaya. Na biyu Hausa. A zango Hausa ta fita daga hannun Hausawa ta zama harshen kowa, harshen kasuwa da wa'azi da barikin soja, kuma galibin masu yinta ba a cikinta aka haife su ba. Bakano yakan yi dariyar Hausar Nima, yadda take haɗe namiji da mace a magana, take cusa kalmomin Twi da Ingilishi. Amma wannan sassaucin shi ne amfaninta. Harshen da kowa ya koya da girmansa ba a jin kunyar yin kuskure a cikinsa, sabon zuwa kuwa abin da ya fi ɗaure masa baki shi ne kunya. Sannan ga wasan barkwanci da mutane suka zo da shi daga gida suka tarar da irinsa a wurin wasu: Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Dagwamba da Mosawa, Farafara da Dagaba. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, da zarar sun ji asalin juna sai zolaya ta ɓarke, wannan ya ce bawana ne, wancan ya ce ƙarya kake, kafin a tashi sun saba. Al'ada ta riga ta rubuta musu yadda za su fara magana.

Hujja mafi ƙarfi a kan yadda abota kanta take ginuwa ta fito ne daga Keith Hart, Baturen Ingila da ya zauna Nima a tsakiyar shekarun 1960 cikin 'yan ci-ranin Farafara. Duniya ta san shi da maƙalarsa ta 1973 wadda ta sa masana tattalin arziki suka fara lissafi da sana'o'in da ba su cikin rajistar gwamnati. Amma a 1988 ya koma kan wata tambaya da ta fi kusa da tamu: mutumin Nima da ke son ya ba da bashi, ko ya damƙa wa wani motarsa ta haya, ko ya bar wani a kan teburinsa, da me yake dogara? Dangi ba su cika yi ba, domin ɗan uwa ba a iya matsa masa lissafi, kuma yana ganin yana da haƙƙi a dukiyar. Takardar yarjejeniya ma ba ta yi, domin kotu da 'yan sanda sun yi wa talakan Nima nisa. Abin da ya rage shi ne amana tsakanin abokai, wadda ake ginawa sannu a hankali ta hanyar gwaji. Hart bai ɓoye cewa amanar tana yawan karyewa ba. Abin da na ɗauka daga bayaninsa shi ne abota a irin wannan wuri aiki ce da ake yi da ƙananan basussuka. Ka ara wa mutum kuɗin koko ya biya, gobe ka ara masa na mota, wata rana ka bar masa mabuɗin ɗakinka. Irin wannan gwaji kuwa ba ya yiwuwa sai mutane suna ganin juna kullum, kuma akwai na uku da zai ji labari idan ɗaya ya ci amana. Maigida da sarki da liman su ne na ukun. Ba su ne abokan baƙo ba, su ne suka sa yin abota da shi bai zama kasada ba.

Mai suka zai ce wannan duk ado ne ake yi wa ubangida da bara. Gaskiya ne tsakanin maigida da yaronsa ba daidaito. An yi masu gida da suka riƙe samari shekara da shekaru suna yi musu aiki a kan tuwo da alkawarin jari da bai zo ba, an yi malaman da suka mori almajirai fiye da yadda suka karantar da su, kuma kada a manta cewa kasuwar Salga da muke yabon tsarinta kasuwar bayi ce babba, wasu daga cikin waɗanda suka cika zangunan farko ma ba da son ransu suka baro gida ba. Wanda ya share wannan ya yi wa tarihi ƙarya. Sai dai sukar ta ɗauka cewa ana nufin maigida shi ne abokin, alhali abokan su ne sauran yaran gidan, da yaran gidan maƙwabta, da waɗanda ake haɗuwa da su a sahu. Kuma a birni kamar Akra yaro yana da ƙafa. Masu gida suna da yawa, suna gasa a kan baƙi, wanda aka san shi da zalunci zaurensa kan bushe. Wannan bai hana cuta ba, amma ya sa mata iyaka, kuma wanda ya sauka ba mai tsaya masa ya fi kowa sauƙin cuta.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa zango yana haɗa baƙo da baƙo ne kawai, ya raba shi da 'yan ƙasa, har jikokinsa su tashi ana kallonsu baƙi. Masu wannan magana suna da ranakun da za su nuna. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon Kumashi masu goyon bayan 'yan adawa, zuwa Nijeriya, duk da sun ce su 'yan ƙasa ne. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Ƙidayar 1960 ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana 'yan asalin wasu ƙasashe ne, a ta 1970 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 7. Mutane sun sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, an cika manyan motoci zuwa kan iyaka, cikinsu har da waɗanda a Nima aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. A ranar ba sarkin zango ko maigidan da ya iya tsaya wa kowa, wasunsu ma suna cikin motar. Tsarin da aka gina a kan suna da sanayya ya sa mutane da yawa ba su ga dalilin neman takarda ba, sai ranar da aka tambaye su ita. Wannan aibi ne na gaske, kuma ragowarsa na nan: har yau ɗan zango mai suna irin na Hausa ko na Fulani yakan sha tambayoyin da maƙwabcinsa ba ya sha idan ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa.

Amma a auna abin da 1969 ta tabbatar. Ta tabbatar da cewa abota ba ta maye gurbin takardar hukuma, darasin da 'yan Gana su ma suka sha a 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori kimanin miliyan ɗaya daga cikinsu daga Nijeriya, kuma galibin waɗannan ba a zango suke zaune ba. Kora aikin gwamnatoci ne da tattalin arzikin da ya taɓarɓare. Ba ta tabbatar da cewa zango katanga ne ba. Filin kowane zango a Akra daga hannun masu ƙasa aka karɓe shi da yardarsu, kuma malaman yankin sun gaji koyarwar Alhaji Salim Suwari, wadda Wangarawa suka yaɗa, cewa Musulmi na iya zama lafiya ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin an bar shi da addininsa. An yi auratayya da mutanen Ga, har akwai Musulmi a cikinsu. Abincin zango ya fita ya ci gari: waken da ake dafawa da shinkafa, tuwon zafi, koko da ƙosai, tsiren da ake gasawa a bakin titi, duk sun zama abincin Gana, ranar Laraba kuwa matan Akra na kowane addini suna cika kasuwar Nima neman hatsi da kayan yaji. A watan Afrilun 2019 Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Akra a 1919, Babban Limamin ƙasa tun 1993, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ya zauna cikin masu ibada a bikin cikarsa shekara 100. Wanda ya yi wannan ɗan zango ne gaba da baya, ya kuma yi karatu a Kumashi, a gaban Malam Abdullahi Ɗantano. Mutum ya fi iya fita ya shiga baƙin fuska idan yana da inda zai koma da dare. Ba na musun cewa masallacin da ke haɗawa yana rabawa: saɓanin 'yan Tijjaniyya da 'yan Ahlussunna, wanda ɗaliban da suka dawo daga Madina suka ƙara wa ƙarfi, ya taɓa kai ga faɗa a wasu garuruwa. Amma ko a nan, kowane ɓangare sauke baƙonsa yake yi.

Rabin labarin da aka fi mantawa na mata ne. Amaryar da aka kawo daga Sakkwato ko Dosso ba ta zuwa majalisar sarki, ba ta zama a zaure. Nata zangon shi ne tsakar gidan haya, inda iyalai da yawa ke girki a fili ɗaya, da magajiya, da ƙungiyoyin zumunci, da adashi. Biki da suna su ne rajistarta: an san wadda ta zo, an san abin da ta kawo, ranar nata za a mayar. Ƙa'idar ɗaya ce da ta maza, ƙaramin bashi da ake biya a gaban shaidu, sai dai mata sun fi riƙe lissafin da kyau.

Yau ayari ya ƙare, maigida mai ɗakunan fatake ya ragu, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya da ɗan Nijar damar shiga Gana kwana 90 ba biza, gwamnati kuma ta kafa asusun raya zanguna a 2017. Babban masallacin ƙasa da Turkiyya ta gina a Kanda, gefen Nima, an buɗe shi a 2021. Al'adar sauke baƙo ta sauya kaya ba ta mutu ba. Samarin Nima da Maamobi suna da wuraren zamansu da suke kira bes, irin majalisa a Kano ko fada a Yamai, inda ake dafa ataya ana gardamar ƙwallo da hanyar zuwa Turai, kuma ba a zama memba sai wani ya kawo ka. Ɗalibin jami'a shi ne ya faɗo tsakani. Makaranta tana ba shi ɗaki da mabuɗi da katin shaida, a Legon ma akwai masauki na musamman na ɗaliban ƙasashen waje, wato an tara baƙi wuri ɗaya kamar zango, amma ba wanda sunansa zai ɓaci idan yaron ya shiga wani hali, ba kuma wanda zai ƙi cin abinci sai an nemo shi. Waya ta ƙara dagula lamarin. Almajirin 1890 ba shi da zaɓi sai ya saba da na kusa da shi, na yau kuwa yana iya kwana yana hira da Kano ta WhatsApp har wata uku su wuce bai san sunan na ɗakin da ke kallon nasa ba. Kuɗin da iyaye ke turo masa ya raba shi da buƙatar aron kuɗin koko, don haka ba shi da ƙaramin bashin da za a gwada shi da shi. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana da ƙungiyoyin ɗaliban kowace ƙasa suna cike wani ɓangare na gurbin, kuma in aka duba inda suke yin nasara, za a tarar aikin maigida suke yi: tsohon ɗalibi ya tarbi sabo a tasha, ya kwanar da shi, ya kai shi wurin mai gidan haya ya ce nawa ne. Iyayen da ke da wani sananne a Nima ko Maamobi ko Madina ta Akra, ko da tsohon abokin ciniki ne, har yanzu sukan ba yaro lambarsa su ce ya je ya gaishe shi ranar Juma'a ta farko, kuma sukan kira mutumin tun yaron bai taso ba su ce ga ɗanka nan zuwa.